Shiru Kafin Amsa: Malamin Lissafi a Makarantar 'Yan Kweka

Sau ɗaya a mako, a kusan kowace makarantar 'yan Kweka da ke Amurka, ana rufe littattafai, ɗalibai da malamai su ɗunguma zuwa wani ɗaki da ba shi da mumbari, bangonsa fayau babu hoto, sai bencina da ke fuskantar juna. Babu mai jan ibada, babu mai wa'azi. Kowa ya nemi wuri ya zauna, a yi tsit na wajen rabin sa'a. Wanda ya ji magana ta taso masa a zuci, ko da yaro ne ɗan shekara goma sha ɗaya, sai ya miƙe ya faɗe ta ya koma ya zauna. Ba mai tafa masa, ba mai mayar masa da martani. Idan lokaci ya cika a yi musafaha, kowa ya kama hanyar ajinsa.

Daga wannan ɗaki ne malamar lissafi kan karɓi 'yan aji bakwai, yara 'yan shekara sha biyu zuwa sha uku. A ce ta rubuta 12/13 + 7/8 a allo, ta jera amsoshi huɗu a ƙasa, 1 da 2 da 19 da 21, ta ce kada kowa ya taɓa biro, a duba da ido kawai a faɗi wadda ta fi kusa da daidai. Tambayar tsohuwa ce. A ƙarshen shekarun 1970 an sa ta cikin jarrabawar auna ilimin yara ta ƙasar Amurka, kuma kashi 24 cikin ɗari kacal na 'yan shekara sha uku suka ce 2. Fiye da rabi sun zaɓi 19 ko 21, wato sun tara lambobin sama ko sun tara na ƙasa. Alhali 12/13 saura ƙiris ya cika ɗaya, 7/8 ma haka, ɗaya da ɗaya kuwa biyu ne.

A gaban wannan allo aƙidar makarantar ke gamuwa da gwajinta mafi tsanani. An gina makarantar a kan imanin cewa kowane ɗan'adam na ɗauke da wani haske daga Ubangiji, saboda haka kowace murya ta cancanci a saurare ta. Shi kuwa lissafi bai san kara ba: 19 kuskure ne, ko ɗan wane ya faɗe shi. Aikin malamin shi ne ya riƙe mutuncin yaron da ya ce 19, kuma kada ya ɓoye masa cewa ya kauce hanya. Inda ya saki ɗaya daga cikin biyun, ko dai ya yi wa aƙidar makarantar illa, ko ya cuci yaron.

Asalin jama'ar da makarantunsu

Ƙungiyar addinin 'yan Kweka ta samo asali a Ingila a tsakiyar ƙarni na 17, a hannun George Fox, wanda ya riƙa yawon wa'azi yana cewa mutum na iya jin kiran Ubangiji kai tsaye ba tare da wani ya shiga tsakani ba. Su da kansu Abokai suke kiran juna. Sunan Kweka, wanda ke nufin mai makyarkyata, wani alƙali ne ya laƙaba musu a garin Derby a 1650 don ya muzanta su, sunan ya bi su har yau. Sun ƙi yin rantsuwa a kotu, suna cewa mai gaskiya kullum ba ya buƙatar rana ta musamman ta faɗin gaskiya. Sun ƙi cire hula don girmama masu sarauta, sun ƙi ɗaukar makami. Dubbai daga cikinsu sun sha ɗauri a kan haka.

Tun 1668 Fox ya ba da shawarar buɗe makarantu biyu a kusa da Landan, ɗaya ta maza a Waltham Abbey, ɗaya ta mata a Shacklewell, a koya wa yara abin da zai amfane su a rayuwa. Da William Penn, ɗaya daga cikinsu, ya sami yankin Fensilbaniya na Amurka a 1681, ba a jima ba aka buɗe makaranta a Filadalfiya a 1689, wadda yau ake kira William Penn Charter School. Wasu suka biyo baya: Abington a 1697, Wilmington a 1748, Westtown a 1799, Germantown a 1845, sai Sidwell a birnin Washinton a 1883, inda 'yar Bill Clinton da 'ya'yan Barack Obama biyu suka yi karatu. Akwai majalisar da ke haɗa kan waɗannan makarantu, Friends Council on Education, wadda aka kafa a 1931, kuma makarantun da ke ƙarƙashinta sun haura saba'in. Abin lura shi ne, a yau 'ya'yan 'yan Kweka tsiraru ne a cikinsu. Galibin ɗalibai da malamai mabiya wasu addinai ne, ko waɗanda ba sa bin kowanne.

Alaƙar wannan jama'a da ƙidaya daɗaɗɗiya ce, kuma tilas ce ta haifar da ita. Dokokin Ingila sun daɗe suna toshe musu ƙofar jami'o'in Oxford da Cambridge da muƙaman gwamnati, sai suka karkata ga fatauci da sana'a. A kasuwa suka yi suna da farashi ɗaya, babu tayi babu albarka, domin a ganinsu faɗin kuɗin da ba shi ne gaskiyar kaya ba wani nau'i ne na ƙarya. Bankunan Barclays da Lloyds da kamfanonin cakulan na Cadbury da Rowntree duk daga gidajensu suka fito. Mai irin wannan kasuwanci dole ɗansa ya iya riƙe littafin shiga da fita, don haka makarantunsu suka ba lissafi da awon ƙasa da nazarin halitta muhimmanci tun lokacin da makarantun manyan mutane suka fi damuwa da Latin da Girkanci.

John Dalton, ɗan Kweka wanda ya kafa tubalin nazarin ƙwayar zarra a ilimin sinadarai, yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara koyarwa a makarantar ƙauyensu na Eaglesfield, daga baya ya zama malamin lissafi a Manchesta. Silvanus Thompson, tsohon ɗalibin makarantarsu ta Bootham da ke York, ya wallafa Calculus Made Easy a 1910 don ya nuna cewa babban lissafi ba gadon wasu zaɓaɓɓu ba ne, kuma har yanzu ana buga littafin. Lewis Fry Richardson, shi ma ɗan Bootham, shi ya fara gwada hasashen yanayi ta hanyar lissafi, ya kuma ajiye aikinsa a hukumar yanayi a 1920 da aka mayar da ita ƙarƙashin ma'aikatar sojan sama. Malamin da ke tsaye gaban 'yan aji bakwai a Filadalfiya yau yana da magabata na gaske.

Shekarun da ake kamawa ko a sake

Makarantar tsakiya a Amurka ta ƙunshi aji shida zuwa takwas, yara daga shekara sha ɗaya zuwa sha huɗu, kusan daidai da ƙaramar sakandare a Najeriya. A waɗannan shekaru uku lissafi ke sauya kama. Yaron da ya saba cewa ninkawa na ƙara girma sai ya tarar rabi sau rabi rubu'i ne. Wanda ya san ba a cire bakwai daga uku sai a ce masa ana cirewa, amsar tana ƙasa da sifiri. Daga nan haruffa su shigo su zauna a mazaunin lambobi, aljabra ta fara. Manhajar bai-ɗaya da yawancin jihohin Amurka suka karɓa daga 2010 ta tsara abin haka: gwada adadi da adadi a aji shida, daidaiton kaso da lambobin ƙasa da sifiri a aji bakwai, ma'aunin layi miƙaƙƙe da ƙa'idar Pythagoras a aji takwas. Makarantu masu zaman kansu ba dole ba ne su bi ta, amma kaɗan ne ke yin nisa da ita.

Ramin da aka fi faɗawa shi ne lissafin ɓangarori, su rabi da sulusi da rubu'i. Kwamitin da fadar shugaban Amurka ta kafa kan koyar da lissafi ya faɗa a rahotonsa na 2008 cewa raunin yara a nan ne babban abin da ke karya su a aljabra. A 2012 Robert Siegler da abokan bincikensa suka bi bayanan ɗalibai a Amurka da Birtaniya, suka gano cewa sanin ɓangarori da rabawa a wajen shekara goma na nuna yadda yaro zai kasance a lissafin babbar sakandare, ko da an cire tasirin arzikin iyaye da ilimin da suke da shi. Halin da ake ciki kuwa ba mai daɗi ba ne: a jarrabawar ƙasa ta 2022, bayan annobar korona, kashi 26 cikin ɗari kawai na 'yan aji takwas suka kai matakin ƙwarewa a lissafi.

Ga kuma shekarun kansu. Murya na fashewa, jiki na sauyawa, ba abin da yaro ke tsoro kamar a yi masa dariya a gaban sa'o'insa. A wannan tsakani ne da yawa ke yanke wa kansu hukunci cewa su ba 'yan lissafi ba ne, su riƙe wannan hukunci har tsufa. Ɗan aji bakwai ya gwammace a ce masa malalaci da a ce masa daƙiƙi, shi ya sa wasu ke daina gwadawa tun kafin a gane ba su fahimta ba.

Abin da shiru ke yi

A farkon shekarun 1970 wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta naɗi ɗaruruwan darussa ta auna abu guda: tsawon jiran da malami ke yi bayan ya jefa tambaya. Ta tarar bai fi daƙiƙa ɗaya ba. Idan ba a amsa ba sai ya maimaita, ko ya kira wani, ko ya amsa da kansa. Da aka horar da malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba suka fara magana, cewa "ban sani ba" ta ragu, yara suka fara kawo hujja.

Daƙiƙa uku kamar ba komai ba ne, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san nauyinsu. Shirun yara ashirin da ke kallon mutum yana sa gumi. A nan makarantar 'yan Kweka ke da jari da wasu ba su da shi, domin ɗalibanta sun saba da shiru tun suna ƙanana, ba sa ɗaukar sa a matsayin horo ko alamar an yi laifi. Malamai da yawa kan buɗe darasi da ɗan tsit na minti ɗaya. Idan malama ta rubuta 12/13 + 7/8 ta ce kowa ya yi tunani, kada a ɗaga hannu sai ta ba da dama, yaran sun san irin wannan zaman. Yaro mai saurin baki ba zai ƙwace tambayar ba, yarinyar da ke buƙatar ɗan lokaci ta zana wani abu a ranta ta samu sarari.

A ce bayan shirun ta nemi kowa ya rubuta amsarsa a ɗan allo ya ɗaga. Ta ga 19 da yawa, 21 da yawa, 2 ƙalilan. Ba ta yi saurin cewa wane ya yi daidai ba. Ta ce wa wanda ya rubuta 19, "Faɗa mana yadda ka samu." Ya ce ya tara sha biyu da bakwai. Ta rubuta maganarsa a allo kamar yadda ya faɗa. Sai ta juya ga wata yarinya a gefe wadda ta rubuta 2. Yarinyar ta tashi ta zana burodi biyu, ta yanka ɗaya gida sha uku ta cire yanka ɗaya, ta yanka ɗayan gida takwas ta cire yanka ɗaya, ta ce, "To ina burodi sha tara zai fito?" Aka sake yin shiru. Wanda ya ce 19 ya dubi zanen, ya goge allonsa da hannun riga.

Sai dai shiru kaɗai ba ya koyar da komai. Yaron da ba a taɓa nuna masa yadda ake daidaita lambobin ƙasa ba, ko an ba shi sa'a guda yana tunani ba zai ƙago hanyar ba. A 2006 masana uku, Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark, suka fitar da maƙala mai ƙarfi suna cewa sabon ɗalibi ya fi koyo idan an yi masa bayani filla-filla an nuna masa misalai, a kan a sake shi ya gano da kansa. Wannan gardama ta daɗe a Amurka tun bayan da ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasar ta fitar da sababbin ƙa'idojinta a 1989, har aka riƙa kiranta yaƙin lissafi. Makarantun 'yan Kweka, bisa ɗabi'arsu, sun fi karkata ga bincike da tattaunawa da aikin rukuni. Haɗarin da ke tattare da haka shi ne aji ya yi armashi, kowa ya yi magana, a tashi yara ba su iya raba 3/4 da 1/8 ba. Malamin kirki ya san lokacin da zai yi shiru da lokacin da zai ɗauki alli ya ce a dube shi, ya kuma san cewa bayan fahimta akwai bita, a yi ta maimaitawa har hannu ya faɗa.

Inda ba a kaɗa ƙuri'a

Akwai wata kama mai ban sha'awa tsakanin al'adar wannan jama'a da lissafi. 'Yan Kweka ba sa kaɗa ƙuri'a a tarukansu na shawara. Ana zama, ana magana ɗaya bayan ɗaya da shiru a tsakani, magatakardan taro na saurare har sai ya ji an kai ga matsayar da zukata suka natsu da ita, sannan ya rubuta ya karanta a ji. Mutum ɗaya mai hujja na iya sa a dakata. Dalilinsu shi ne rinjaye ba ya mayar da kuskure gaskiya.

Tarihinsu ya nuna amfanin hakan, ya kuma nuna tsadarsa. A 1688 mutum huɗu a Germantown suka rubuta takardar ƙin bautar da bayi suka miƙa wa taron jama'arsu. Aka yi ta tura ta daga wannan taro zuwa wancan. Sai a 1776 babban taron Filadalfiya ya haramta wa mabiyansa mallakar bayi, bayan shekara 88, da kuma jajircewar mutane irin su Benjamin Lay da John Woolman da Anthony Benezet, malamin makarantar da tun 1750 yake tara yara baƙar fata a gidansa da dare yana koya musu karatu. Tsirarun ne ke kan gaskiya tun farko.

A ajin lissafi ma haka abin yake. Da a ce ƙuri'a aka kaɗa kan 12/13 + 7/8, da 19 ko 21 ta ci zaɓe. Abin da ya kare amsar daidai shi ne yarinya ɗaya da zanen burodinta. Ɗalibin da ya girma a inda ake cewa kada a bi yawa, a bi hujja, ya riga ya sami rabin tarbiyyar da lissafi ke nema. Bambancin kawai shi ne, taron jama'a na iya ɗage magana zuwa wata mai zuwa, malama kuwa minti arba'in da biyar gare ta, kuma ba za ta bari a fita da 19 a matsayin ra'ayin da ake mutuntawa ba.

Hatta ƙin yaƙi na da ƙofar shiga darasi ba tare da an yi wa yara huɗuba ba. Richardson ya ƙare rayuwarsa yana lissafa musabbabin yaƙe-yaƙe, a nan ya lura cewa Sifen da Fotugal ba su yarda kan tsawon iyakar da ke tsakaninsu ba: wani ƙiyasi ya ce kilomita 987, wani ya ce 1,214. Ya gano cewa gwargwadon gajartar ma'auni, gwargwadon yadda layi mai lanƙwasa ke ƙara tsawo. Wannan aiki ne da 'yan aji bakwai za su iya yi da taswira da tsinke: a auna gaɓar teku da dogon tsinke, a karya shi biyu a sake aunawa, a rubuta sakamako a jadawali a ga abin mamaki.

Rigimar raba aji

Babu batun da ke hana shugabannin waɗannan makarantu barci kamar wannan: a bar yara duka a aji ɗaya, ko a ware masu sauri su yi gaba? A Amurka wanda ya gama aljabra a aji takwas shi ke da sararin kaiwa ga babban lissafi kafin ya bar sakandare, manyan jami'o'i kuma na duba hakan. Iyaye sun san wannan sarai. Kuɗin makaranta a Sidwell ya haura dala 50,000 a shekara, uban da ya biya irin wannan kuɗi ba ya son jin an ce ɗansa ya jira wasu.

Aƙidar daidaito kuwa tana ja ta ɗaya gefen. Ware yara tun suna shekara sha ɗaya tamkar liƙa musu lamba ne a goshi, kuma sau da yawa rabon yakan bi layin arziki da launin fata. 'Yan Kweka suna da misali a cikin gidansu. Jocelyn Bell Burnell, 'yar Arewacin Ailan, ta faɗi jarrabawar da ake ware yara da ita a shekara sha ɗaya. Iyayenta suka tura ta makarantar Mount da ke York, ta 'yan Kweka, inda wani malamin kimiyya ya buɗe mata ido. A 1967, tana ɗalibar digiri na uku a Cambridge, ta gano wani sabon nau'in taurari masu aiko da sigina a kai a kai. Da aka ba ta kyautar dala miliyan uku a 2018, ta bayar da ita duka don tallafa wa ɗaliban da ba a cika ganin irinsu a fannin ba.

Robert Moses, jagoran rajistar masu zaɓe baƙar fata a Misisipi a shekarun 1960, wanda tun yana ɗalibi ya yi aikin sa-kai a ƙasashen waje tare da wata ƙungiyar agaji ta 'yan Kweka, ya ɗauki aljabra a matsayin haƙƙi irin na jefa ƙuri'a. A 1982 ya kafa Algebra Project bayan ya ga makarantar 'yarsa ba ta koyar da aljabra a aji takwas. Yakan ɗauki yara su hau jirgin ƙasa na cikin birni, su ƙirga tashoshi gaba da baya, daga nan su fahimci lambobin sama da ƙasa da sifiri.

Amma gyaran ma na da nasa tarko. Rahoton mai bincike Tom Loveless na 2008 ya nuna cewa dubban yara da aka tura ajin aljabra a aji takwas ba su ma iya lissafin firamare ba. Birnin San Faransisko ya bi ta ɗaya hanyar a 2014, ya hana kowa yin aljabra sai a aji tara don a tafi tare. Iyaye masu hali suka koma biyan kuɗin darasi a waje, giɓin bai rufe ba, a 2024 aka janye tsarin. Saboda haka makarantun 'yan Kweka ba su da amsa ɗaya. Wasu na riƙe yara tare har ƙarshen aji shida ko bakwai sannan su raba, wasu na barin ƙofa a buɗe yaro ya sauya rukuni a tsakiyar hanya, wasu na ba aji ɗaya tambaya mai matakai, kowa ya hau iya ƙarfinsa. Abin da aƙidar ke wajabta musu shi ne kada rabon ya zama hukuncin dindindin, kuma kada a tura malami mafi rauni ga yaran da suka fi buƙatar gwani.

Tarihin makarantun kansu na hana su cika baki. Sidwell ba ta fara karɓar yara baƙar fata ba sai a 1956, shi ma aji ɗaya a kowace shekara, bayan kotun ƙolin Amurka ta riga ta soke wariya a makarantun gwamnati a 1954.

Malamin da takardar sakamako

Duk wannan na komawa kan ilimin malamin. A 1999 Liping Ma ta wallafa binciken da ta kwatanta malaman firamare na Amurka da na Sin. Aka ce su raba 1¾ da ½, su kuma ƙirƙiro labarin da ya dace da lissafin. Cikin malaman Amurka 23, ƙasa da rabi suka sami amsar, wato 3½, kuma ɗaya tak ya kawo labarin da ya yi daidai. Da yawa daga cikinsu sun ba da labarin raba abu tsakanin mutum biyu, wanda rabawa da 2 ne. Tambayar gaskiya ita ce: mai lita ɗaya da rubu'i uku na madara, kofi nawa mai cin rabin lita zai cika? Malamin da bai ga wannan bambanci ba, duk kyan zuciyarsa da iya sauraronsa, ba zai gane inda tunanin yaro ya karkace ba. Sauraron ɗalibi a lissafi na buƙatar kunnen da ya san lissafin. Sababbin malamai kan halarci bitar da majalisar makarantun ke shiryawa kan al'adun jama'ar, amma sanin ɓangarori da aljabra sai mutum ya zo da abinsa ko ya zauna ya koya.

A da yawa daga cikin makarantun yara na kiran malami da sunansa na yanka, bisa tsohuwar al'adar ƙin laƙabi. Wasu, kamar Carolina Friends School da aka kafa a 1962 a jihar Karolina ta Arewa, ba sa ba da maki, sai dogon bayani a rubuce kan kowane yaro. Can Kenya kuwa, wadda ta fi kowace ƙasa yawan 'yan Kweka a yau, inda masu mishan suka iso Kaimosi a 1902, makarantu irin su Kamusinga na cikin tsarin jarrabawar ƙasa da maki da gasa, ajinsu kuma ya fi na Filadalfiya cika nesa ba kusa ba. A Ramalla ta Falasɗinu, inda makarantarsu ta fara a 1869, yawancin ɗalibai Musulmi ne. Sunan ɗaya ne, yanayin aiki ya sha bamban.

Inda ake rubuta bayani a maimakon maki, a nan gaskiyar malami ke fitowa fili. Abu ne mai sauƙi a cika shafi da yabo: yaro mai fara'a, mai taimakon abokai, mai ƙoƙari. Jama'ar da kakanninta suka shiga kurkuku don sun ƙi yarda cewa gaskiya iri biyu ce ba ta da uzurin aika wa iyaye irin wannan takarda. Bayanin da ya dace da yaron da ya ce 19 zai faɗi cewa a farkon zango yana tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Cewa yanzu yana iya sa 7/8 a mazauninsa a kan layin lambobi, yana kuma ƙiyasta amsa kafin ya fara aiki. Cewa har yanzu rabawa da ɓangare na ba shi wuya, saboda haka bai shirya wa aljabra a watan Satumba ba. Cewa malamar za ta zauna da shi sau biyu a mako bayan tashi, a sake duba matsayinsa a watan Janairu. Kafin takardar ta isa hannun iyaye, malamar kan kira yaron ta karanta masa ita, ta tambaye shi ko akwai abin da ya ga ba daidai ba, sannan ta yi shiru ta jira amsarsa.